Kwalayen Kawu Yap

Danau Kota, Kuala Lumpur
12 ga Afrilu, 2020

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hureira da duk mutanen gida. Ni lafiya lau, sai ƙafafuna da suka fara kumbura. Likita ta ce cikin wata shida haka yake, in rage gishiri. Na rage, abinci ya koma kamar magani.

Tunda ka ce ba ka samun sabis sai ranar da ka shiga Haɗeja, kuma ko an kira maganar tsinkewa take yi, zan riƙa rubuta maka a takarda in ɗauki hoto in tura, ka karanta duk ranar da ta iso. A littattafan da nake karantawa, matar da mijinta ya yi nisa takan zauna bakin taga tana rubutu, iska na kaɗa labule. Ni ma ga ni a bakin taga. Abin da nake gani dai shanyar mutanen benen da ke kallon namu ce, da shingen 'yan sanda a kan titi. Ka ce sati shida za ka yi ka ɗebi ruwan da za ka gwada don bincikenka na jami'a ka dawo. Yau sati bakwai, an rufe ƙasarsu, an rufe tamu saboda cutar korona.

Yanzu maganar ƙaramin ɗaki. Ban manta abin da ka gaya min ranar da na tare ba: Kawu Yap bai ba mu gidan nan don yana son fuskarmu ba. Gidansa na Ipoh yana bakin kogi, danshi ya yi masa yawa, shi ya sa ya ajiye kwalayen katunansa a nan, ya bar mana sauran gidan a kan mu kula da su. In sun lalace, mu tattara mu ba shi wuri. Ina yin duk abin da ka nuna min. Safe da yamma ina zubar da ruwan da na'urar tsotse danshi ta tara, ina duba ɗan agogon nan na bango mai auna danshi kada ya wuce hamsin.

Amma Yaya, har yau ban gane ba. Dattijo mai furfura ya tara katunan wasan yaran Japan masu zanen dodanni, kwali sittin da huɗu, kowanne a naɗe cikin leda, shekara ashirin bai buɗe ko ɗaya ba. Ko shi bai san me ke ciki ba! Wani lokacin nakan tsaya ina kallonsu ina ƙirƙira masa labari. Na ce wataƙila wata ya so aka hana shi, ita ce mai son katunan.

Tun shekaranjiya na'urar take wani kuka kamar tana tari. Me zan yi mata?

Taka,
Hadiyya

*

Haɗeja
19 ga Afrilu, 2020

Hadiyya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta sau uku a tsaye a shagon cajin waya. Kowa lafiya. Inna ta ce ki riƙa ɗora ƙafar a kan filo, kuma ki daina tsayuwar wanke-wanke mai tsawo.

Babu wata budurwa a labarin Kawu Yap, ki rage karatun nan. Masu tara irin kayan nan, ledar da kamfani ya naɗe kwalin da ita suke dubawa kafin komai. In ta huje, ko ta tattare, ko ta canja kala, shi ke nan, ya zama kwali kawai, ko da kuwa katunan ciki ba abin da ya same su. Don haka kada ki ɗauke su da jiƙaƙƙen hannu, kada ki ɗora wani a kan wani fiye da yadda na jera, kada ki buɗe tagar ɗakin.

Na'urar kuwa, ki zare ragar bayanta ki wanke, ƙura ce. Sannan ki duba ƙwayoyin nan da ke cikin 'yan jakunkuna a kabad. In sun koma kore, sun ƙoshi da danshi. Ki juye su a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan-kaɗan, zafi zai kori danshin su dawo ruwan lemo, ki mayar.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki kira Kawu Yap. Ban gaya masa na yi tafiya ba, domin sharaɗinsa ni zan riƙa kula da ɗakin da hannuna. Na ɗauka zan je in dawo bai sani ba. In ya turo saƙo ina amsa masa daga nan. An hana shiga wata jiha daga wata, ba zai iya zuwa ba. Kafin a buɗe hanya in sha Allahu na dawo.

Ki ci abinci ko babu daɗi.

Mika'ilu

*

Danau Kota
4 ga Mayu, 2020

Yaya,

Barka da shan ruwa. Ya azumi a Haɗeja da wannan zafin? Ni likita ta hana ni, sai na rama. Ina jin kunyar cin abinci da rana ko da ba mai ganina.

Na'ura ta mutu ranar Alhamis. Na wanke ragar kamar yadda ka ce, ta yi kwana tara, sai ta yi wani ƙara ta yi shiru. Na sauka ofishin masu kula da bene, matar ta ɗaga min hannu daga bayan gilashi ta ce tak boleh, ba za a bar mai gyara ya hau ba, an samu mai cutar a hawa na tara. Na kira Anti Rabi, 'yar ƙasarmu da ke unguwar Cheras, ta sa mijinta Dakta Datti ya yi mana odar sabuwa, amma sun ce sai wajen Sallah za ta iso.

Ruwa kuma kullum da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Agogon bango ya kai saba'in da takwas. Ƙwayoyin nan ina soya su da safe, kafin magariba sun koma kore. Na gaji da suyar abin da ba a ci. Jiya na ga fumfuna fara-fara a jikin katakon kabad ta ƙasa, na goge da busasshen tsumma. Warin ɗakin in na shaƙa sai na yi amai. Ka san yadda cikin nan ya mayar da hancina.

Ka gaya min abin yi. In fumfuna ta kama kwalayen, ina zan je da wannan cikin? Asibitina nan kusa ne, likitata ta san ni. Ɗazu na zauna ina tunanin a ce an fito min da akwatuna bakin lif, kowa da takunkumi a fuska ba mai ko tsayawa.

Ina jiran amsarka ranar kasuwa.

Hadiyya

*

Danau Kota
21 ga Mayu, 2020

Yaya Mika'ilu,

Kasuwa biyu ta ci ban ji daga gare ka ba. Na kira lambar Ɗan'azumi ƙaninka, a kashe. Ban san ko fushi kake yi ba, ko ba ka da lafiya, ko takardata ce ba ta buɗe ba. Allah ya sa lafiya. Na daina ƙirƙirar dalilai, domin duk wanda na ƙirƙira sai ya fi na baya muni.

Amma ka kwantar da hankalinka game da ɗakin, na samo dabara. Ina gyaran gida saboda Sallah, na fito da turaren wutan da Umma ta haɗo min cikin kayan aure, na Maiduguri ɗin nan mai sandal da hawi, na turara labulaye da zannuwan gado. Sai na tsaya na ce, to ni me nake jira? Kai da bakinka ka ce zafi ke korar danshi. A gida ma in damina ta sa kayan sawa sun yi wari, ai kabbasa ake kifawa a kan kaskon turare a ɗora su, su bushe su yi ƙamshi.

Na fara da kwalaye shida na layin ƙasa, waɗanda suka fi kusa da fumfunar. Na wanke hannu na goge sosai. Garwashi biyu kawai na sa, na kifa kabbasa, na jera su bibbiyu, na rufa mayafi. Ban buɗe ko ɗaya ba, ban buɗe taga ba. Sannan na bar kaskon a tsakar ɗakin na ja ƙofa, hayaƙin ya zaga ko'ina.

Yaya, da ka shigo ka ji! Warin nan ya tafi gaba ɗaya. Yau ce rana ta farko da na shiga ɗakin ban toshe hanci ba. Uku daga ciki ledarsu ta ɗan ɗame ta yi tamoji a gefe, ɗaya kuma ta ɗan yi ja-ja, amma ina ganin in sun huce za su koma daidai. Bayan Sallah zan yi wa sauran.

Na ɗinke ɗan leshin nan da hannu, zan sa ranar Idi in zauna a falo. Anti Rabi ta ce za ta aiko min da tuwo da miyar taushe a tapau, robar ɗaukar abincin nan. Ka gaishe da Inna, ka ce ta yafe min ban kira ba.

Taka,
Hadiyya

*

Haɗeja
28 ga Mayu, 2020

Hadiyya,

Kada ki ƙara kai wuta ɗakin nan. Kada ki taɓa sauran. Na fara da wannan ne don ban san ko hoton zai buɗe miki duka ba.

Barka da Sallah. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni kwana goma sha biyu, kuma an hana motocin kasuwa fita daga ƙauye. Ba cutar nan ba ce, na warke. Yau na shigo gari a bayan babur, takardunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta biyun na zauna a dakalin mutane.

Innalillahi. Ledar ba za ta koma ba, Hadiyya. Kuma ƙamshin da kike murna da shi, a wurinsu aibi ne babba. Kwalin da ya sha hayaƙi, ko na taba ko na turare, ba mai karɓarsa. Kina gani duk ranar da za ki yi turare nake rufe ƙofar ɗakin in cusa tawul a ƙasanta. Kin ɗauka wasa nake?

Ga abin da za ki yi. Kawu Yap ya turo min saƙo, ana maganar buɗe hanyar jihohi cikin watan gobe, ya ce da an buɗe zai zo. Ki mayar da shidan nan can bayan layin sama, inda sai an hau kujera ake gani, ki cike gurbinsu da wasu daga saman. Ki kunna sabuwar na'ura ba dare ba rana, ki sa gawayi a roba ya sha ƙamshin. In ya zo ki ce na tafi jami'a ɗakin gwaji. Ba ya saukar da na sama, gwiwa ke damunsa. In muka samu ya tafi bai gani ba, kin haihu a gidanki, ni kuma in na dawo in san yadda zan yi da shi, namiji da namiji.

Ban ce kin yi da gangan ba. Amma da kin jira ni.

Mika'ilu

*

Danau Kota
2 ga Yuni, 2020

Yaya,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Na yi kuka da na ji, kana kwance ni ina nan ina zargin ka da fushi.

Tawul ɗin da kake cusawa, wallahi na ɗauka saboda murarka ce. Shekara ɗaya da rabi ba ka taɓa ce min hayaƙi na ɓata su ba. Ka ce kada ruwa, kada taga, kada a buɗe. Na jira ka kwana goma sha bakwai ina amai a bakin ƙofar ɗakin.

Na'ura ta iso, agogo ya sauko arba'in da takwas. Na hau kujera da wannan cikin na mayar da su sama kamar yadda ka ce. Na sa gawayin. Ƙamshin yana nan, turaren Umma ba ya jin gawayi.

Ban iya ƙarya da Turanci ba, Yaya. Ko da Hausa ma ka san muryata rawa take yi. Zan gwada.

Hadiyya

*

Danau Kota
15 ga Yuni, 2020

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki ya yi ƙarfi, Inna ma tana lafiya. An duba ni ranar Laraba, an ce kan yaro ya juyo ƙasa, komai daidai, ƙarshen Yuli in Allah ya kai mu.

Kawu Yap ya zo jiya da hantsi. Zan ba ka labarin yadda ya faru, ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ya rame. Takunkumi biyu ya sa, da safar hannu, ya riƙo min ledar lemo daga Ipoh. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tambaye ni, "Mika mana?", wato ina kake. Na ce ka tafi jami'a. Na faɗa, Yaya, ya fita daga bakina, ya gyaɗa kai ya wuce. Ya shiga ɗakin ya duba agogo, ya ga sabuwar na'ura ya ce mai kyau ce, ta fi tsohuwar. Ya tsaya yana jan hanci ta cikin takunkuman. Ya ce gidan yana ƙamshi, wane irin sabulu nake goge ƙasa da shi? Na ce na ƙasarmu ne.

Ya durƙusa da ƙyar ya bi layukan ƙasa da 'yar fitila, yana shafa gefen kowane kwali da bayan yatsa. Bai kalli sama ba, kamar yadda ka ce. Yana yi yana ba ni labari. Ya ce na farkon ya saye shi ne ranar da ya karɓi albashinsa na farko na manaja a masana'anta. Ya ce matarsa ta rasu tana yi masa tsiya a kansu, yaransa kuma suna Ostareliya ba ruwansu. Ya ce duk watannin kullen nan yana zaune shi kaɗai a Ipoh, abin da yake kwantar masa da hankali shi ne ya san Mika yana nan. Ya miƙe, ya kashe fitilar, ya ce, "Good boy lah, mijinki."

Har ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ni kuma na ji ba zan iya haihuwa a gidan mutumin nan da wannan abu a saman kabad ɗinsa ba. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce Uncle, tsaya. Na jawo kujera zan hau, ya daka min tsawa ya ce in sauka, ya hau da kansa da gwiwar tasa. Na nuna masa wurin.

Ya sauko da su ɗaya-ɗaya ya jera a kan teburin cin abinci. Ya cire takunkumi ɗaya ya sunsuna. Na gaya masa komai: ba ka nan tun Fabrairu, na'ura ta mutu, fumfuna, kabbasa. Har na ɗauko masa kabbasar ya gani, don bai gane bayanina ba. Ya juya ta a hannu ya ce, "Kin dafa su." Na ce ban dafa ba, turarawa na yi, haka muke yi wa abin da muke ji da shi. Kwalin da ledarsa ta yi ja-jan nan shi ne na albashin farko. Ya daɗe yana riƙe da shi. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Da ya buɗe baki, ba maganar kwalayen ya fara ba. Ya ce wata uku kana amsa masa saƙo kana cewa komai lafiya, ashe kana wata duniya. Ya ce kuskurena na wanda bai sani ba ne, naka kuwa ka sani. Ya ce zai turo mota ranar Asabar a kwashe duka a kai wurin ajiya mai sanyi, gidan kuma zai sa shi a kasuwa, mu tashi ƙarshen wata.

Na zauna. Ban roƙe shi a kan gidan ba, na ga ba ni da bakin. Na ce masa kawai a wurinmu mace in ta haihu kwana arba'in take yi ba ta fita, ana yi mata wankan ruwan zafi, ana ba ta kunun kanwa, kuma ni ba uwa a kusa, ba miji. Na ce ya bar ni in yi arba'in ɗina a inda na sani.

Ya dube ni ya ce, "Ku ma kuna yi?" Ya ce su wata guda suke yi, ba wanka da ruwan sanyi, ba iska, sai citta da miyar kaza. Ya ce da mahaifiyarsa za ta ji ya fitar da mace a cikin watanta, da ta taso daga kabari ta mare shi. Ya tambayi ranar da likita ta ba ni, ya ƙirga a yatsa, ya ce goma ga Satumba. Ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba, kuma kada ka sake turo masa saƙo, in da magana ni in kira shi. Ya zuba shidan a jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in sha lemon, kada in bari ya lalace.

To ka ji. Mun rasa gidan, Yaya, ni na rasa mana shi, ko mu biyu, ban sani ba, kuma na gaji da auna wa ya fi laifi. Na san za ka ce saura taku uku ya fita. Haka ne, saura taku uku.

Anti Rabi ta ce za ta zo ta zauna da ni in lokaci ya yi, ita za ta yi min wankan. Bayan arba'in akwai ɗaki a gidansu na Cheras, na yaranta ne, za a haɗe su wuri ɗaya. Ɗakin ba zai ɗauki gadonmu ba. Na fara ware abin da za a bayar.

In an ba ka izinin shigowa kafin goma ga Satumba, ka san ƙofa. In bayan nan ne, kada ka sa direba ya kawo ka Danau Kota, za ka tarar da wasu. Ka tambayi Dakta Datti kwatance.

Matarka,
Hadiyya